Kayan Awo Huɗu da Ake Sayarwa a Kaduna: Wanne Ke Tsayawa Idan an Kawo Mara Lafiya Ranga-ranga?

Duk wanda ya shiga shagunan kayan asibiti na cikin garin Kaduna ya ce zai buɗe ƙaramin asibiti, ko an ba shi alhakin sayo kayan aikin wata cibiyar lafiya ta unguwa, kusan kaya huɗu ne za a jera masa a kan kanta: oksimita ta ɗan yatsa mai auna yawan iskar oksijin a jini, na'urar awon jini mai batir irin Omron, ma'aunin zafin jiki da ake haskawa a goshi, sai na'urar awon suga irin Accu-Chek Active. Mai shago zai gwada su a jikinsa, lambobi su fito tsaf, a biya a tafi. To amma mai shago lafiyarsa ƙalau, yana zaune, hannunsa da ɗumi. Mu abin da muka auna kayan da shi daban ne: wanda aka kwaso daga haɗari a hanyar Abuja, mai jego da jini ya ɓalle mata, yaron da ke jijjiga da zazzaɓi, dattijon da aka tarar a sume da asuba. Idan na'ura ba ta yi wa waɗannan aiki a minti biyar na farko ba, ba ta ɗakin gaggawa ba ce, ko da kwalinta ya fi na kowa sheƙi.

Mu fara da oksimita, domin ita ce ta fi shiga hannun jama'a tun zamanin korona, kuma ita aka fi yarda da ita fiye da kima. Irin Contec CMS50D da takwarorinta batir biyu ƙanana suke ci, AAA. Aikinsu shi ne su harba haske iri biyu ta cikin yatsa, ja mai tsawon nanomita 660 da wani da ido ba ya gani mai 940, sannan su lissafa daga yadda jinin da ke bugawa ya sha kowane haske. Takardar cikin kwali yawanci tana cewa kuskuren bai wuce maki 2 sama ko ƙasa ba, tsakanin kashi 70 zuwa 100. Ma'ana 92 na iya zama 90, na iya zama 94. Ƙasa da 70 kuwa, masu ƙerawa ma ba su ɗau alkawarin komai ba.

Ga babba mai ɗumin hannu wanda ya kwantar da yatsa, aikinsu ya yi. Matsalar ita ce na'urar bugun jini take nema, kuma wanda ya zubar da jini ko amai da gudawa suka tsotse shi, jikinsa yana tsuke jijiyoyin hannu da ƙafa don ya tara jinin ga zuciya da ƙwaƙwalwa. Sai ka ga lamba tana tsalle daga 97 zuwa 81, ko allon ya nuna layi kawai. Haka ma sanyin hunturu ke yi wa yatsa a Disamba da Janairu. Shi ya sa muke cewa kada a sayi wadda lamba kaɗai take nunawa. A nemi mai zana igiyar bugun jini a allo. Idan igiyar tana tashi tana sauka daidai wa daida, kuma bugun da ta nuna ya zo ɗaya da wanda kake ji a wuyan hannu, lambar abin dubawa ce. Idan igiyar ta wargaje, ka murza hannun ya yi ɗumi, ka sauya yatsa, ka rufe da ƙyalle idan hasken rana ko fitilar tiyata na dukan na'urar, ka ba ta daƙiƙa 30 ta zauna. Jan farce mai duhu da baƙin lalle suna tare hasken. A goge, ko a nemi yatsan da ba shi da shi, ko na ƙafa.

Akwai abin da babu mai shagon da zai faɗa maka, kuma ya shafe mu kai tsaye. A Disamba 2020 likitocin Jami'ar Michigan ta Amurka sun wallafa binciken da ya kwatanta oksimita da awon jinin jijiya na hakika. Cikin waɗanda na'urar ta nuna musu 92 zuwa 96, an sami kashi 11.7 cikin ɗari na baƙar fata da iskar jininsu ta gaskiya ƙasa take da 88, alhali a fararen fata kashi 3.6 ne. Kusan ninki uku ke nan. Abin da wannan ke nufi a Tudun Wada ko Kakuri shi ne, idan na'ura ta ce 93 amma mutum yana haki, hancinsa na buɗewa, ba ya iya ƙarasa jimla, a yarda da mutumin. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ga yara ita ce a sa iskar oksijin idan awo ya gaza 90, kuma idan akwai alamar gaggawa a sa tun daga ƙasa da 94.

Wurare biyu kuma na'urar tana yin ƙarya ido buɗe. Na farko hayaƙin janareta ko gawayin da aka kwana da shi a rufaffen ɗaki. Gubar da ke cikinsa tana maƙalewa a jini a mazaunin iskar oksijin, ita kuwa oksimita ba ta bambance su. Iyali guda su zo da ciwon kai da jiri da amai, wani a sume, na'ura ta nuna 99. Waɗannan a sa musu iska da ƙarfi ba tare da an jira lamba ba. Na biyu ƙarancin jini mai tsanani, irin na yaron da zazzaɓin cizon sauro ya cinye ko mai sikila. Ɗan jinin da ya rage ya cika da iska, don haka lamba ta yi kyau, amma jinin ne babu. Duba tafin hannu da cikin fatar ido ya fi faɗin gaskiya a nan.

Ga jarirai kuwa, oksimitar ɗan yatsa ta manya ba ta da amfani ko kaɗan. Yatsan bai cika ramin ba, haske yana zagayewa ta gefe. Duk cibiyar da ke karɓar haihuwa ko duba yara tana buƙatar ta hannu mai waya da maɗauri na ƙafar jariri, irin wadda ƙungiyar Lifebox ta shahara da rarrabawa. Ta fi tsada nesa ba kusa ba, amma ita ce ta aiki.

Sai na'urar awon jini. Omron M2 da M3 kaya ne masu kyau, ba mu da ja a kan haka. Batir huɗu AA, maɓalli ɗaya, kuma ga ɗakin duba masu hawan jini ko awon ciki sun rage wahala, sun kuma kawar da ɗabi'ar nan ta rubuta wa kowa 120 bisa 80. Amma ya kamata mai saye ya san yadda suke samo lambar. Ba sauraro suke yi ba. Girgizar da bugun jijiya ke yi a cikin maɗaurin damtse suke ji, su gano matsakaicin ƙarfin jini, sannan su yi lissafin na sama da na ƙasa. Idan bugun ya raunana, ko ba ya tafiya a jere, ko mara lafiya yana karkarwa, ko motar da aka ɗauko shi tana faɗawa ramuka, lissafin ya ɓaci. Na'urar za ta hura, ta saki, ta sake hurawa, ta nuna alamar kuskure, minti biyu sun tafi. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ta ba da lamba mai kwantar da hankali, domin irin waɗannan na'urori sukan ɗaga awo idan jini ya faɗi sosai. Iyakar bugun zuciyar da aka ƙera su su ƙirga kuma daga 40 ne zuwa 180 a minti. An yi su ne don gida da ɗakin awo, kuma takardarsu ba ta ɓoye hakan ba.

Saboda haka hukuncinmu a nan ba mai sauyawa ba ne: ɗakin gaggawa ba ya zama ba tare da ma'aunin jini mai famfon hannu da agogo ba, tare da abin sauraro. Ba ya cin batir, ba ruwansa da ɗauke wuta. Yadda ake aiki da shi ma ya kamata a maimaita, don an fara mantawa. A ɗaura maɗaurin a fatar damtse, ba a kan riga ba, ƙasansa ya tsaya santimita 2 zuwa 3 sama da gwiwar hannu, alamar jijiya ta hau kan jijiyar. A sa yatsa a wuyan hannu a hura har bugun ya ɓace, a ƙara 30 a kai, sannan a sassauta a hankali, maki 2 zuwa 3 a kowace daƙiƙa. Wanda ya buɗe iskar gaba ɗaya don sauri zai tsallake bugun farko ya rubuta ƙasa da gaskiya. Idan hayaniyar 'yan uwa ta hana ji, ko bugun ya yi rauni, a bar kunne a koma yatsa: inda bugun wuyan hannu ya dawo shi ne na sama, a rubuta cewa da taɓawa aka samu. Rauninsa ɗaya ne, agogon ba ya son faɗuwa. Kafin a fara, allurar ta kasance a kan sifili. Idan ta kauce, an gama da shi sai an saita. Duk wata shida a gwada shi da wani ma'aunin da aka tabbatar da shi. Famfon roba da bututu kuma zafin Maris da Afrilu yana busar da su su tsattsage, sai iska ta riƙa zurarewa, allura na gangarowa da kanta.

Maganar maɗauri ita ce inda aka fi cutar mai saye, ba da gangan ba. Wanda ke zuwa cikin kwalin M2 yawanci na damtse mai kewayen santimita 22 zuwa 32 ne. Akwai wanda ke kaiwa 42. Jakar iskar da ke ciki ya kamata faɗinta ya kai kashi 40 cikin ɗari na kewayen damtse, tsawonta kashi 80. Ƙaramin maɗauri a babban hannu yana ɗaga awo. Wani gwaji da aka yi a Jami'ar Johns Hopkins, wanda ya fito a 2023, ya nuna cewa ɗaura matsakaici ga wanda ke buƙatar mafi girma yana ƙara kusan maki 20 a lambar sama. Ka ɗauka hajiya ce mai jiki da cikin wata takwas: wannan ƙarin kaɗai ya isa a ɗora ta a kan maganin da ba ta buƙata, tunda 140 bisa 90 ne mafarin damuwa, 160 bisa 110 kuma gaggawa. Babban maɗauri a siririn hannu kuma yana rage awo. A sayi girma uku tun farko, da na yara. Hannun ma ya zauna daidai da zuciya. Duk santimita 10 da ya sauka ƙasa yana ƙara wajen maki 7 zuwa 8.

Ko da wane ma'auni aka yi, awon jini shi ne na ƙarshen nuna cewa abu ya lalace. Matashi mai ƙarfi zai iya zubar da kusan kashi 30 cikin ɗari na jininsa kafin lambar sama ta faɗi. Mai ciki ta fi haka riƙewa, yaro kuwa sai ya zo dab da ƙarshe. Dabarar da ba ta cin ko sisi ita ce a raba bugun zuciya da lambar sama. Mai lafiya yakan ba da 0.5 zuwa 0.7. Mai jego da bugunta 118, jininta 105 bisa 70, kallo ɗaya za a ce ba laifi, amma lissafin ya ba da 1.1, kuma daga 0.9 ya kamata a fara neman inda jinin ke fita, a kafa allurar ƙarin ruwa, a yi maganar turawa asibitin Barau Dikko ko na Yusuf Ɗantsoho tun tana iya magana. Akwai na'urar Microlife mai suna CRADLE VSA da aka ƙera don masu ciki, wadda ke yin wannan lissafin da kanta ta kunna kore ko rawaya ko ja. Duk ɗakin haihuwar da ya sami hanyar mallakarta, kada ya yi sanya. Ga yaro ɗan shekara 1 zuwa 10, lambar sama ta faɗi idan ta gaza 70 a tara da shekarunsa sau biyu, wato ɗan shekara 4 ƙasa da 78. Amma kafin nan, a matsa farcensa na daƙiƙa 5 a saki. Idan jan bai dawo ba har bayan daƙiƙa 3, ga hannu da sanyi, ga bugu mai sauri da rauni, ba a jiran ma'auni.

Ma'aunin goshi ba zai ɗau dogon bayani ba. Na bakin ƙofa ne. Zafin fata yake karantawa ya yi hasashen na ciki, fata kuwa tana bin iskar waje. Wanda ya sauko daga babur da sanyin safiya zai nuna 35 da zazzaɓinsa, wanda ya tsaya a rana ko ya cire hula ko ɗankwali yanzu zai nuna fiye da nasa, mai gumi kuma ƙasa. Na'urar kanta tana son ta zauna a ɗakin na ɗan lokaci kafin a yi aiki da ita, kuma yawancinsu iyakarsu ɗakin da bai wuce digiri 40 ba. Akwai maɓallin da ke sauya ta daga awon jiki zuwa awon kaya, sau da yawa hannu ke taɓa shi ba a sani ba. Ƙaramin ma'auni mai batir na hammata, wanda kuɗin na goshi ɗaya zai sayi da yawa, ya fi shi: a share hammatar ta bushe, a kai bakin can ƙurya, a matse hannu har ya yi ƙara. A yaro 37.5 a hammata zazzaɓi ne. A jariri sabon haihuwa sanyi ma abin tsoro ne, ƙasa da 35.5 alamar haɗari ce. A goge shi da sifirit bayan kowane mutum, musamman a rani lokacin zazzaɓin Lassa, kuma a sa safar hannu.

Na'urar suga ce muka fi ba maki cikin huɗun, domin ita kaɗai ce ke gano abin da za a iya warwarewa nan take. Accu-Chek Active ɗigon jini kaɗan take so, cikin daƙiƙa 5 ta ba da amsa, tana karanta daga 10 zuwa 600, batirinta ƙwaya ɗaya mai kamar kwabo. Duk wanda hankalinsa ya gushe, ko yake sambatu, ko jijjiga, a soka masa yatsa kafin a fara tunanin shanyewar ɓarin jiki ko iska. Mai ciwon suga da ya sha ƙwayarsa ya ɗauki azumi, yaro mai zazzaɓi da ya kwana bai ci ba, wanda ake yi wa ƙarin ruwa da kwinin, duk suga na faɗo musu. A babba ƙasa da 70 ya yi ƙasa. A yaro ƙasa da 45, idan mai tamowa ne ƙasa da 54, kuma abin da ake ba shi ruwan suga ne mai kashi 10, mililita 5 a kowane kilo. Idan mai kashi 50 kaɗai ke akwai, a haɗa kaso ɗaya da kaso huɗu na ruwan allura.

Inda take ba da matsala ba a jikinta ba ne, a sitirif ne, wato 'yan tsinkayen da ake ɗiga jinin a kansu. Ba sa son zafin da ya wuce digiri 30, ba sa son laimar damina, kuma kwalbar da aka bari a buɗe ko aka ajiye a aljihun mota ta tashi aiki ko kwanan watanta bai cika ba. A duba ranar lalacewa a shago, a ƙi wanda aka zazzage ana sayarwa ɗai-ɗai. Yatsan da ya taɓa rake ko dabino ko mangwaro zai ba da lamba mai yawa, don haka a wanke. Sifirit da bai bushe ba yana gurɓata ɗigon. Wanda jininsa ya faɗi sosai, jinin yatsansa ba abin dogaro ba ne, a ɗiba daga jijiya. Sannan a tabbatar da wane ma'auni na'urar ke nunawa, domin iri biyu ne a kasuwa kuma bambancinsu ninki 18 ne: 5.5 a ɗaya daidai yake da 99 a ɗayan, kuma lambobin da muka ambata a sama na irin mai 99 ne. Asibitin da ya haɗa iri biyun a ɗaki ɗaya yana neman rikici da dare.

Abin da babu shi a kan kantar kuwa shi ne agogo mai sandar daƙiƙa, kuma da shi ake auna alamar da ta fi saurin tona cewa mutum yana taɓarɓarewa, wato numfashi. Duba takardun jinya da yawa za ka ga 20, 20, 20 a jere, alamar ba a ƙirga ba. Ana ƙirgawa ne minti guda cur, ana riƙe da wuyan hannu kamar bugu ake ji, don idan mutum ya san ana kallon ƙirjinsa sai ya sauya. Babba 12 zuwa 20 ne. Idan ya kai 22 ga mai zazzaɓi, tare da lambar sama 100 ko ƙasa, ko rikicewar hankali, a yi zargin cuta ta shiga jini. Daga 25 sama, ko 8 ƙasa, a kira likita. Jariri ƙasa da wata 2 numfashinsa ya yi sauri idan ya kai 60, daga wata 2 zuwa shekara 1 idan ya kai 50, daga shekara 1 zuwa 5 kuma idan ya kai 40, a ɗaga riga a duba ko ƙasan ƙirji na faɗawa ciki. Hankali ma ba na'ura yake so ba, tambaya huɗu ce: idonsa biyu, ko sai an kira shi, ko sai an matsa masa ya ji zafi, ko ba ya amsa komai. Awo guda kuma hoto ne na daƙiƙa ɗaya. Wanda bai daidaita ba a maimaita masa duk minti 5, wanda ya daidaita duk minti 15, a rubuta da lokaci, a ba wanda zai raka shi asibiti na gaba.

Ga mai kuɗi ƙayyadaddu, jerin da za mu bi wajen saye shi ne mai famfon hannu da maɗaurai uku da abin sauraro mai kyau, sai na'urar suga da sitirif da aka tabbatar ana samunsu a gari, sai oksimita mai igiya, sai ma'aunin hammata guda uku ko huɗu. Omron ta biyo baya don ɗakin awo, na goshi kuma in an ga dama. Farashi yana bin dala, don haka a zaga shago biyu ko uku, a nemi rasit da sharaɗin mayarwa, a duba lambar kwali ta yi daidai da ta jikin na'ura, domin jabu na sanannun sunaye ba ya wuya. A gwada oksimita biyu a hannu ɗaya kafin a bar shagon. Batir a sayi alkalin, araha ba ta ado: mai arha yana mutuwa a tsakiyar hurawa, kuma idan ya daɗe a ciki ya zubo ruwa ya cinye ƙarafan. A ajiye saiti guda na ko-ta-kwana a cikin akwatin kayan, a ɗaure da roba, a rubuta masa ranar saye.